Darasi: Amosanin Gaɓoɓi Mai Cin Ƙashi da Alamomin da ke Nuna Gaɓa Za Ta Lalace

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya:

1. bambanta amosanin gaɓoɓi mai cin ƙashi da ciwon gaɓa na gajiya da tsufa;
2. faɗin alamomin jiki da ke nuna cewa gaɓa na cikin haɗarin lalacewa;
3. ƙirga tsawon lokacin da ciwo ya ɗauka kafin a je asibiti;
4. gane sunayen gwajin jini huɗu a takardar asibiti, da abin da kowanne ke nunawa;
5. bayyana dalilin da ya sa gwajin jini kan ruɗar da mutane a yankin noman rani irin namu.

1. Wane irin ciwo ne wannan?

A Kura da Bunkure da Garun Malam, hannu shi ne jari. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya riƙa biyo kanal zuwa gonakin Kadawa da kewaye, aiki bai ƙara yankewa ba. Da damina ana dashen shinkafa, da rani ana alkama da tumatir da albasa, mata kuma suna kan tukwanen turara shinkafa kusan duk shekara. Shi ya sa ba mai mamaki in ya ji an ce gwiwa na ciwo ko baya ya riƙe. A kira shi sanyi ko amosani, a sayi magani a kemis, a koma gona.

Yawancin wannan ciwo na aiki ne da shekaru. Amma a cikinsa akwai wani iri daban, wanda likitoci ke kira rumatoyid. A wannan darasi za mu kira shi amosanin gaɓoɓi mai cin ƙashi.

Gaɓa wuri ne da ƙashi biyu suka haɗu. Kan kowane ƙashi akwai guringuntsi mai santsi, sannan akwai wani siririn tantani da ya lulluɓe gaɓar daga ciki, yana fitar da ruwa mai yauƙi don kada ƙasusuwan su goge juna. A wannan ciwo, garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙi da ƙwayoyin cuta, sai ta juyo kan tantanin nan. Tantanin ya kumbura, ya yi kauri, ya rarrafo kan guringuntsi da gefen ƙashi yana cinsu. Duk manomin da ya taɓa ganin ruwa ya ci gindin kunyar kanal ta ƙasa ya san irin wannan ɓarna: sama tana nan lafiya ƙalau, ƙasa kuwa ta zama rami, sai ranar da ta rufta. Abin da ciwon ya cinye na ƙashi da wuya ya dawo.

> AKWATIN KALMOMI
> Guringuntsi: farin abu mai santsi da ke kan ƙashi a cikin gaɓa.
> Garkuwar jiki: ƙwayoyin jini da sinadaran da ke kare jiki daga cuta.
> Zaizayar ƙashi: ɗan ramin da ciwon ke ci a gefen ƙashi, wanda ake gani a hoton ƙashi.
> Sandarewa: gaɓa ta ƙi lanƙwasuwa bayan an daɗe ba a motsa ta ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 18 ke fama da shi a duniya, kuma kusan kashi 70 cikin 100 mata ne. Ba a ɗaukarsa daga wani, shiga ruwan gona kuma ba shi ke kawo shi ba, ko da yake mai shi ya fi jin jiki in gari ya yi sanyi.

Ga yadda ake rarrabe su. Ciwon gaɓa na aiki da tsufa ya fi kama gwiwa da kwatangwalo da ƙarshen yatsu kusa da farce. Yana tsananta da yamma bayan an wuni ana aiki, sandarewarsa ta safe kuma ba ta kai rabin awa. Mai cin ƙashi ya fi fara wa ƙananan gaɓoɓi: gindin yatsun hannu, tsakiyar yatsu, wuyan hannu, da gindin yatsun ƙafa. Yakan kama dama da hagu tare. Da asuba ya fi muni, har mutum ya kasa riƙe buta don alwala, kuma sai an yi awa ɗaya ko fiye hannun ke sakewa. Mata da yawa yakan lafa musu lokacin goyon ciki, ya dawo da ƙarfi cikin watannin farko bayan haihuwa. A nan ne ake yawan cewa sanyin jego ne ya shige su, a ƙara musu ruwan zafi, wata da watanni su wuce.

2. Me ya sa likita ke hasashe?

Masu wannan ciwo ba tafiyarsu ɗaya ba. Wani zai yi shekara goma da shi yatsunsa a miƙe. Wata kuwa cikin shekara biyu yatsunta sun karkace, ba ta iya riƙe muciya. Maganin da ke tsayar da ciwon yana da ƙarfi, yana da tsada, yana kuma buƙatar a riƙa duba jini. Don haka tun ranar farko likita ke son ya san wa ke cikin babban haɗari, don ya matsa masa da magani da sa ido.

Sanin gaibu sai Allah. Abin da likitoci suka yi shi ne, sun bi dubban marasa lafiya shekara da shekaru suna ɗaukar hoton hannuwansu da ƙafafunsu, suka lura da abubuwan da waɗanda gaɓoɓinsu suka lalace suka yi tarayya a kai tun farko. Waɗannan su ne alamomin haɗari.

> AKWATIN KALMOMI
> Alamar haɗari: abin da in an same shi ga mara lafiya, yiwuwar lalacewar gaɓa ta ƙaru. Ba ya nufin dole sai ta lalace.

3. Alamomin da ido da hannu ke gani

Ta farko ita ce yawan gaɓoɓin da suka kumbura. A lura da kyau: kumburi, ba ciwo kawai ba. Gaɓa kan yi ciwo saboda dalilai da yawa, amma wadda ta kumbura, in an latsa ta aka ji taushi da ɗumi, ita ce tantaninta ke kan aikin ɓarna. Gaɓar da ta daɗe a kumbure ita ce aka fi samun rami a cikinta daga baya.

Likitoci na da gaɓoɓi 28 da suke ƙirgawa: kafaɗa 2, gwiwar hannu 2, wuyan hannu 2, gindin yatsun hannu 10, tsakiyar yatsu 10, gwiwa 2. Kowa na iya koyon wannan ƙirga. Mace ta duba ma kishiyarta, ɗa ya duba ma mahaifiyarsa, a rubuta adadin da kwanan wata a bayan katin asibiti. Iya yawan masu kumburi, iya girman haɗarin.

Akwai kuma gwajin matsi. A kama hannun mara lafiya kamar za a gaisa, a matsa gindin yatsu huɗun nan a hankali. In ya janye hannu saboda zafi, alama ce. Haka ake yi wa gindin yatsun ƙafa.

Sauran alamomin sun haɗa da ƙululu mai tauri a ƙarƙashin fata, galibi bayan gwiwar hannu, wanda ba ya ciwo. Kasa yin ƙananan ayyuka tun a watannin farko, kamar ɗaura zani, murɗa marfin jarka ko zaman tahiya. Da kuma ciwon ya fita daga gaɓoɓi ya taɓa wasu sassa, ido ya bushe ko numfashi ya yi nauyi. Shan sigari yana ƙara haɗarin kamuwa da ciwon, yana kuma rage tasirin magani. Cikin dukan alamomin da muka lissafa, wannan ce kaɗai mutum zai iya kawarwa da kansa yau ɗin nan.

4. Lokaci

Wannan sashe shi ne ya fi shafarmu. Zaizayar ƙashi ta fi sauri a shekara biyun farko. Wanda ya fara maganin da ya dace cikin wata 3 zuwa 6 da fara kumburi ya fi samun gaɓoɓinsa lafiya, wani ma ciwon ya kwanta masa gaba ɗaya muddin yana shan magani. Ƙa'idar da za a riƙe ita ce: ƙananan gaɓoɓi sun kumbura, mako 6 ya wuce ba su sace ba, to a nufi asibiti.

An daɗe ana cewa wannan ciwon Turawa ne. Wani bincike da aka buga a 1993 ya duba kimanin mutum 2,000 a karkarar kudu maso yammacin Nijeriya, bai sami ko mutum ɗaya mai shi ba. Amma a 2010 Farfesa Femi Adelowo da abokan aikinsa suka buga bayanin marasa lafiya 200 da suka gani a Legas. Mata sun ninka maza fiye da sau biyu, kuma in aka yi matsakaicin lissafi sun kai kimanin shekara 5 da ciwon kafin su iso gaban ƙwararre. Shekara 5, alhali wata 3 zuwa 6 ake so. In haka take a Legas, kowa ya auna yadda za ta kasance ga matar da ke wani ƙauye a bayan Bunkure, wadda sai an sami kuɗin mota da izinin maigida da mai riƙe mata yara.

Matsalar ita ce, in likita ya tambayi yaushe ciwo ya fara, amsar da yake samu ita ce “an jima”. Mu kuwa muna da kalandar da ba ta ɓata, wato ta gona.

*Misali na 1.* A ɗauka wata mata mai turara shinkafa, shekarunta 48, ta je asibiti a watan Oktoba.

“Inna, yaushe hannun ya fara kumbura?”

“Wallahi ɗan nan, an kwana biyu.”

“Lokacin ana dashen shinkafa ne, ko kafin nan?”

“A'a, kafin nan. Tun ana yankan alkama na kasa ɗaga tukunya.”

Ana yankan alkama wajen watan Maris. Daga Maris zuwa Oktoba wata 7 ne. Ta wuce wata 6, don haka ba ta da sauran lokacin gwada wani abu a gida. Ana iya ƙirgawa da azumi, da Babbar Salla, da lokacin da kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan ke cika.

5. Gwajin jini

Gwaji huɗu aka fi rubutawa. A takarda za ku ga sunayensu da haruffan boko: ESR, CRP, RF da anti-CCP. Biyun farko suna auna ƙarfin kumburi a jiki a halin yanzu. Biyun ƙarshe suna nuna irin ciwon da halinsa.

> AKWATIN KALMOMI
> ESR: saurin kwanciyar jajayen ƙwayoyin jini a siririyar kwalba cikin awa ɗaya.
> CRP: sinadarin da hanta ke fitarwa in akwai kumburi ko ƙwayar cuta a jiki.
> RF da anti-CCP: sinadaran garkuwar jiki da suka juyo kan jikin mai su.
> Iyaka: adadin da ɗakin gwaji ya rubuta a matsayin ƙarshen lafiya. Abin da ya haura shi ya hau.

*ESR.* Ana zuba jini a doguwar kwalba siririya, a tsayar da ita, a jira awa ɗaya, a auna milimita nawa jajayen ƙwayoyi suka sauka. Kumburi na sa su manne da juna su yi nauyi, sai su sauka da sauri. Gwaji ne mai araha, ƙananan asibitoci ma suna yinsa. Akwai lissafi mai sauƙi na ƙiyasta iyaka: ga namiji a raba shekarunsa biyu, ga mace a ƙara 10 a kan shekarunta sannan a raba biyu.

*Misali na 2.* Matar nan mai shekara 48: 48 a ƙara 10 ya zama 58, a raba biyu ya zama 29. In sakamakonta ya nuna 72, ya ninka iyakarta fiye da sau biyu.

Sai dai ESR ba ya faɗin inda kumburin yake. Ƙarancin jini na ɗaga shi, juna biyu na ɗaga shi, tarin fuka na ɗaga shi sosai. Mai sikila kuwa nasa yakan yi ƙasa ko da akwai kumburi, saboda ƙwayoyin jininsa ba sa jeruwa su manne.

*CRP.* Wannan yana hawa cikin sa'o'i kaɗan, yana kuma sauka da sauri in ciwo ya lafa. Ƙarancin jini ba ya ruɗa shi kamar ESR. Amma zazzaɓin cizon sauro na cilla shi sama, haka ma maruru ko ciwon haƙori mai ruwa. A yankin da ruwa ke kwance a gonakin shinkafa rani da damina, sauro ba ya tafiya hutu. Wanda aka ɗebi jininsa yana tsakiyar zazzaɓi, CRP ɗinsa labarin zazzaɓi yake bayarwa, ba na gaɓa ba. A yi maganin zazzaɓin, a jira mako biyu ko uku, a sake.

Abin da ke hasashen zaizaya ba hawa na rana ɗaya ba ne. ESR ko CRP da ya zauna a sama wata bayan wata, tare da gaɓoɓi a kumbure, shi ne abin tsoro. Saboda haka a adana tsofaffin takardun gwaji a jaka ɗaya. Takarda uku na watanni dabam-dabam sun fi wa likita amfani a kan sabuwa guda.

*RF.* Wani likita a Oslo ta ƙasar Norwe, Erik Waaler, ya bayyana shi a 1940. A ƙasashen Turai ana samunsa a jinin kusan bakwai cikin goma na masu ciwon. Mai ciwon da RF ɗinsa ya hau sosai ya fi fuskantar zaizaya da ƙululu.

A nan ne ya kamata mutumin Kura ya buɗe kunne. Wani likita ɗan Ingila, Brian Greenwood, ya yi aiki a asibitin koyarwa na Ibadan a shekarun 1960, daga baya ya yi kimanin shekara goma a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A 1971 shi da abokan aikinsa suka nuna cewa ana yawan samun RF a jinin 'yan Nijeriya mazauna karkara da ba su da ciwon gaɓa ko kaɗan, suka kuma danganta hakan da cututtuka irin su zazzaɓin cizon sauro. Dalilin shi ne, garkuwar jikin da ta shekara tana faɗa da ƙwayoyin cuta takan fitar da wannan sinadari. Ciwon hanta na ƙwayar cuta, tarin fuka da tsargiya duk suna iya sa RF ya hau. Tsargiya kuwa, da dodon koɗin cikin kanal ke yaɗawa, ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya tashi yana wanka a ruwan Kadawa. Tsufa ma kaɗai kan ɗaga shi kaɗan.

Ta ɗaya gefen kuma, a cikin marasa lafiya 200 na Legas da muka ambata, waɗanda aka sami RF a jininsu ba su kai rabi ba. Ke nan a ƙasarmu gwajin na iya nuna akwai ga mai lafiyar gaɓa, ya kuma nuna babu ga mai ciwon. A ganina, cutarwa ce a ce wa mutum yana da wannan ciwo don takardar RF kawai, ba tare da an kama hannunsa an latsa ba. Haka kuma cutarwa ce a sallami mai kumburarrun yatsu don takardar ta ce babu.

*Anti-CCP.* Masu bincike a birnin Nijmegen na ƙasar Holan ne suka samar da shi a ƙarshen shekarun 1990. Ya fi RF gaskiya: cikin mutum 100 da ba su da ciwon, kusan 95 ko fiye gwajin zai nuna babu. Yakan bayyana a jini shekaru kafin gaɓa ta fara kumbura. Cikin gwaje-gwajen jini, shi ne ya fi ƙarfin hasashen zaizaya, musamman in ya hau sosai, ko kuma shi da RF sun hau tare. Mai tarin fuka wani lokaci nasa kan nuna akwai, don haka a faɗa wa likita in ana tari. Ya fi tsada, kuma sau da yawa sai an shiga cikin Kano. Alherinsa shi ne, galibi sau ɗaya ya wadatar. In kuɗi ba su kai a yi RF da anti-CCP duka ba, a tambayi likita ko za a iya yin na biyun kaɗai.

Ana cewa RF ko anti-CCP ya hau sosai in ya wuce iyaka sau uku.

*Misali na 3.* Ɗakin gwaji ya rubuta iyaka 20. Sau uku ya zama 60. Mai sakamako 45 nasa ya hau kaɗan. Mai 180 nasa ya hau sosai. Kowane ɗakin gwaji da iyakarsa, sai a duba wadda ke kan takardar.

Akwai masu ciwon da duka biyun ke nuna babu. Yawanci ɓarnar ta fi zo musu da sauƙi, amma ba su tsira ba, su ma sai an ƙirga gaɓoɓinsu an ba su magani.

6. Hoton ƙashi

Wanda aka riga aka ga rami a ƙashinsa tun zuwan farko, shi ya fi kowa haɗarin samun ƙarin ramuka. Ana ɗaukar hannu biyu da ƙafa biyu. Kada a bar ƙafa don ba ta ciwo, domin sau da yawa gindin ƙaramin yatsan ƙafa ne wurin da rami ke fara fitowa. Hoton farko da ya fito lafiya ba ya nufin babu ciwo. A watannin farko ƙashi bai nuna komai ba tukuna, kuma lokacin ne magani ya fi amfani. A ajiye hoton don a gwada shi da na baɗi.

7. Haɗa alamomi

Ba alama ɗaya ake dubawa ba, tara su ake yi.

*Misali na 4.* Wani manomin tumatir mai shekara 60. Gwiwarsa ta dama na ciwo da yamma, da safe kuma minti 10 ya ishe ta sakewa. Babu gaɓar da ta kumbura a hannu. RF 35 a kan iyaka 20, ya kuma yi fitsarin jini yana yaro. Ya shigo a firgice da takarda. Wannan ya fi kama da ciwon gwiwa na aiki da shekaru. RF ɗin da ya hau kaɗan wataƙila tarihin wasu cututtuka ne, kuma ya dace a duba masa hanta.

*Misali na 5.* Matar misali na 1. Wata 7 da farawa, gaɓoɓi 11 a kumbure dama da hagu, sandarewa har hantsi, ESR 72 ba ta kuma zazzaɓi, anti-CCP 180 a kan iyaka 20, an ga ƙaramin rami a ƙafa. Alamomin haɗari biyar sun taru mata: jinkiri, yawan kumburi, hawan ESR, hawan anti-CCP sosai, da zaizaya. Ita ce ke buƙatar takardar turawa a makon nan, daga Babban Asibitin Kura ko asibitin da ke kusa da ita zuwa wurin ƙwararrun cututtukan gaɓoɓi, kamar a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya.

A lura, cikin biyar ɗin nan biyu ba su ci ko kwabo ba: ƙirga watanni da ƙirga gaɓoɓi.

8. Abin da ke sauya hasashe

Magungunan kashe zafi irin su dikilofenak da ibufurofen suna rage ciwo, amma ba sa hana ƙashi zaizaya. Mutum na jin sauƙi, ɓarna na ci gaba. Daɗewa ana shan su kuma na kawo gyambon ciki da ciwon ƙoda. Ƙaho da tsaga ma ba sa kaiwa ga tantanin da ke cikin gaɓa.

Haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda ya fi haɗari. Sau da yawa akwai deksametason ko firedinisolon a ciki. Suna sace kumburi cikin kwana biyu, shi ya sa ake yaba su, amma daɗewa a kansu na kumbura fuska, ya kawo hawan jini da ciwon sukari, ya raunana ƙashi. Suna kuma sauke ESR da CRP su ɓoye kumburin, likita ya ga abin da ba shi ne ba. Wanda ke sha ya kai ledar asibiti ya nuna, kada kuma ya daina farat ɗaya in ya daɗe a kai. Likita ma yakan ba da irinsu, amma kaɗan, na ɗan lokaci.

Maganin da ke tsayar da zaizaya, wanda aka fi farawa da shi, shi ne metotirekset. Sau ɗaya ake shansa a mako, ba kullum ba. Shansa kullum na iya kisa. A zaɓi rana ɗaya, misali Juma'a, a riƙe ta. Ana haɗa shi da folik asid. Kafin a fara ana duba hanta da ƙoda da yawan jini da ciwon hanta na ƙwayar cuta, bayan an fara kuma a riƙa maimaitawa. Mai juna biyu, mai shayarwa da mai neman haihuwa ba sa shansa, akwai wasu magungunan da likita zai zaɓa musu, kamar haidiroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin da muka sani. Ba a haɗa metotirekset da Septrin.

Yakan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin a ji aikinsa, kuma a nan mutane da yawa ke yanke ƙauna su koma ga haɗin kemis. Abin da likita ke nema shi ne a ga sauƙi bayyananne a wata 3, a wata 6 kuma kumburi ya kwanta. In ba a samu ba, sai a ƙara ko a sauya. Wanda aka gwada masa irin waɗannan magunguna biyu ba su yi ba, wannan ma alamar haɗari ce, kuma shi ake tunanin ba wa sababbin allurai masu tsada.

Tambayoyin bita

1. Kawo bambanci uku tsakanin amosanin gaɓoɓi mai cin ƙashi da ciwon gaɓa na aiki da tsufa.
2. Lissafa gaɓoɓi 28 da likitoci ke ƙirgawa, ka nuna su a jikinka.
3. Me ya sa kumburin gaɓa ya fi ciwonta muhimmanci wajen hasashe?
4. Wata mata ta ce hannunta ya fara kumbura lokacin shukar alkama a Nuwamba, ta zo asibiti a Yuli. Wata nawa ke nan? Ta zo da wuri?
5. Ƙiyasta iyakar ESR ga namiji mai shekara 50, da mace mai shekara 30.
6. Faɗi cututtuka uku da ake samu a yankinmu masu iya sa RF ya hau ba tare da ciwon gaɓa ba.
7. Iyakar anti-CCP 25 ce, sakamako 90. Ya hau kaɗan ko sosai? Nuna lissafinka.
8. Me ya sa bai dace a auna CRP ana tsakiyar zazzaɓi ba?
9. Me ya sa ake ɗaukar hoton ƙafa ko da hannu ne ke ciwo?
10. Sau nawa ake shan metotirekset a mako, kuma su wane ne ba sa shansa?

Aikin aji: Ku zauna biyu-biyu, maza da maza, mata da mata. Ɗaya ya zama mara lafiya, ɗaya ma'aikacin lafiya. Ma'aikacin ya gano watan da ciwo ya fara ta hanyar tambaya kan ayyukan gona, ya yi gwajin matsi, ya ƙirga gaɓoɓi 28, ya rubuta abin da ya samu a littafinsa. Sannan ku musanya.